Amsa ga ƙanena mai son kwana uku a Saigon shi kaɗai

Ƙanena, ina gajiya, ya mutanen gida? Na ga saƙonka. Ka ce in ka gama sayayya a Gwanzu ta ƙasar Sin kana so ka biyo ta nan ka yi kwana uku kai kaɗai, ka ci abincinsu, ka ga wuraren tarihi. Ka kuma tambayi abin da Hajiya take tambaya duk sanda muka yi waya: wai mu da muke Biyetnam me muke ci, kuma ina muke sallah?

Ka zo, amma ka fara da masallaci. Haka muke yi wa duk baƙon da ya sauka. Hausawan garin nan ba mu da yawa, ba mu da zango, ba mu da sarki. Mahaɗarmu ita ce Juma'a a babban masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935. A sahu ɗaya za ka ga Ba'indiye da ɗan Maleshiya da ɗan Afirka, sannan mutanen Cham, waɗanda su ne Musulmin ƙasar na asali. Su suka koya mana zaman garin nan, a wurinsu muke sayen nama, su muke tambaya kafin mu shiga sabon gidan abinci.

Dalili kuwa, ido ba ya raba halal da haram a nan. Ɗauki fo, wanda suke rubutawa pho. Taliyar shinkafa ce a cikin romon ƙashin saniya da aka daɗe ana dafawa da citta da kirfa da gasasshiyar albasa. Za a ajiye maka faranti na ɗanyen ganye a gefe, da lemun tsami da barkono, kai za ka yayyaga ganyen ka zuba, tururi na dukan fuskarka. Wallahi ko farfesun gida ba ya raina shi. To amma wa ya yanka saniyar? Kuma wasu suna haɗa ƙashin alade a romon. Burodinsu na banh mi, gadon Faransawa, yawanci da hantar alade ake shafe cikinsa tun kafin ka buɗe baki. Satina na farko a nan na karɓi ɗaya a bakin titi, har na kai baki, wani dattijon Cham da muka fito masallaci tare ya riƙe mini hannu. Har yau ina yi masa addu'a.

Saboda haka ka nufi titin Nguyen An Ninh, dab da kasuwar Ben Thanh, inda gidajen abincin halal suke jere. Can za ka sha fo hankali kwance. In yunwa ta kama ka nesa, nemi inda aka rubuta chay, wato abincin mabiya Buddha wanda babu nama a ciki. Kofi kuwa sha ka ƙoshi, yana ɗiga a hankali daga ɗan rariyar ƙarfe zuwa kan madarar gwangwani, sai a juye a ƙanƙara. Ban da Birazil babu ƙasar da ta fi su noman kofi. A gida dai tuwon shinkafa muke tuƙawa, kuɓewa tana kasuwa, kuka da daddawa ne sai wani ya zo daga Kano.

Ranar farko ka je tsohuwar fadar shugaban Biyetnam ta Kudu, wadda tankar yaƙi ta fasa ƙofarta ranar 30 ga Afrilun 1975, ranar da yaƙin Biyetnam ya ƙare. A 1976 aka sauya wa garin suna zuwa Ho Chi Minh, amma a baka har yanzu Saigon ake cewa. Daga nan da ƙafa za ka isa gidan tarihin yaƙi. Kada ka shiga da gaggawa. Akwai ɗakin hotunan yaran da aka haifa da nakasa sanadiyyar gubar da sojojin Amurka suka fesa wa dazuzzuka. Na fito na zauna a tsakar gidan na daɗe ban iya magana ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne maƙwabtana ba sa tayar da zancen da ɗaci, sai in ka tambaya. Kuma tarihin ya shafe mu, domin kafin Faransa, wadda ta yi wa ƙasar mulkin mallaka, ta sha kashi a yaƙin Dien Bien Phu a 1954 ta kwaso sojoji daga Afirka ta Yamma, har da 'yan Nijar. Seyni Kunce, tsohon shugaban Nijar, shi ma ya yi aikin soja a wannan yanki.

Rana ta biyu ramukan Cu Chi, inda mayaƙa suka yi zama a ƙarƙashin ƙasa. Ta uku kasuwa da masallacin Al Rahim, wanda ya girmi na Dong Du da shekara 50.

Sauran ladabi ne, kuma ba zai yi maka wuya ba. In sun tambayi shekarunka kada ka ji haushi, so suke su san ko za su kira ka yayansu ko ƙanensu, kamar yadda muke yi. Babba ana miƙa masa abu da hannu biyu. A shaguna za ka ga ɗan akwatin bauta a ƙasa da turaren tsinke da 'ya'yan itace. Ba addininmu ba ne, amma ba ma tsallaka shi, ba ma nuna shi da ƙafa. Wajen tsallaka titi kuma, ka yi tafiya a hankali ba tsayawa ba gudu, baburan su za su kauce maka.

Maganar kai kaɗai, da rana ka yi yawonka yadda kake so. Amma bayan magariba a gidana za ka ci tuwo, haka muke yi wa kowa. Ka sa zuwanka ya haɗa da Juma'a, ka kuma ce wa Hajiya ta ba ka kuka da yajin ƙuli.