Gwajin Gonoriya: Wanne Ya Fi Gano Cutar?

Tambaya: Likita, an same ni da ciwon sanyi na gonoriya. An duba matata da madubin likita, aka ce ba ta da komai. Hankalina ya kwanta?

Amsa: Malam, da sauran aiki. A wannan gwajin, mugunya ake shafawa a kan gilashi, a rina ta, a leƙa ta madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Idan cutar na nan, sai a ga ƙwayoyinta bibbiyu, kamar ƙoda biyu suna fuskantar juna, a cikin fararen ƙwayoyin jini. Ga namijin da gabansa ke fitar da mugunya, gwajin kan kama fiye da kashi 90 cikin 100. Ga mace kuwa, kusan rabi kan kuɓuce masa, ga shi mata da yawa ba sa jin wata alama. Abin da ke damuna ke nan, domin cutar kan haura a ɓoye ta toshe hanyar ƙwai. A yi wa maiɗakinka gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar halittar cutar ko da kaɗan ce, kuma ku sha magani tare.

Tambaya: An yi mini allura amma zafin fitsari bai daina ba. In sake PCR?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan kalca, wato gwajin shuka ƙwayar cuta, ta fi. Ana shuka samfurin a faranti mai abincin ƙwayar cuta, a ajiye a ɗumi kamar na jikin mutum, awa 24 zuwa 72. Idan ta tsiro, sai a gwada magunguna a kanta a ga wanda ke kashe ta. PCR na yau da kullum ba ya nuna wannan, kuma yakan ga gawar ƙwayar kwanaki bayan magani. Sai dai ƙwayar ba ta jure sanyi da bushewa, don haka a kai samfurin ɗakin gwaji da wuri. A duba kilamidiya ma, wadda ita ma wani ciwon sanyi ce, sukan zo tare.

Tambaya: Ina jin kunyar a ɗebi samfuri daga gabana. Gwajin jini ba zai wadatar ba?

Amsa: A'a, Malama, jini ba ya nuna ta. Amma a PCR kina iya ɗibar samfurin da kanki da ɗan tsinken auduga. Ana karɓar fitsari ma: na farkon fita, bayan kin yi aƙalla awa 1 ba ki yi fitsari ba.