Yadda Za Ki Kare Garin Alkamarki Daga Ƙwari

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa ƙwari suke fitowa a garin alkamarki alhali kina rufe shi. Sau da yawa ƙwayayensu suna cikin garin tun daga kasuwa, zafi da damshi ne suke sa su ƙyanƙyashe. Ki zuba kaɗan a rariya ki tankaɗe. Idan kika ga tsutsa, ko garin yana dunƙulewa da zare kamar na gizo-gizo, to sun riga sun shiga. Sabon gari kuwa, ki sa shi a firiza kwana 7, sannan ki juye a busasshiyar roba mai murfi. Don Allah kada ki zuba maganin ƙwari cikin abincin da iyalinki za su ci, domin guba ne.