Muna ta watsa ruwa a tashar jirgin ruwa, me ya sa ƙurar ba ta kwanta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni shugaban leburori ne a wani wurin sauke kaya a Apapa, Legas. Kayanmu zube suke zuwa, ba a kwantena ba: alkama, takin zamani, wani lokaci kilinka, wato dunƙulen da ake niƙawa a yi siminti. Tankar ruwa na zagaya fili safe da yamma, amma kafin azahar ƙura ta sake turnuƙewa. Yarana sai tari, ga hayaƙin tireloli. Me za mu gyara, kuma da wanne za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ba yaranka lafiya. Tankar ruwa tana bin ƙurar da ta riga ta sauka ƙasa ne. Wadda ke shiga ƙirjin mutane kuwa a wuri biyu ake haifarta: inda kaya ke faɗowa daga sama, da ƙarƙashin tayoyin mota. A nan za ka sa ƙarfinka.

Fara da bakin jirgi. Idan mai tuƙa injin ɗaga kaya ya buɗe cokalinsa mita uku ko huɗu sama da babban mazurarin da ke zuba kaya cikin tirela, abin da yake yi bai da bambanci da shiƙar hatsi: mai nauyi ya faɗi, gari ya bi iska. Ka ce ya sauke cokalin har cikin bakin mazurarin kafin ya buɗe, ya buɗe a hankali, kuma kada ya cika shi ya yi toro, domin abin da ke zuba tsakanin jirgi da gaɓa shi tayoyi za su niƙa anjima. A shimfiɗa tamfol a wannan gibin. Wannan gyaran ko sisi ba ya ci, amma masu aikin za su ce yana rage sauri, musamman idan ana biyansu bisa yawan tan. Dole maigidan wurin ya yarda da shi, in ba haka ba kwana biyu za a koma gidan jiya.

Daga ƙasan mazurari zuwa bayan tirela ma haka. A ɗaura hannun riga na roba ko tamfol mai kauri da zai kai kayan har cikin bodi.

In kamfani zai kashe kuɗi, abin da ya fi cancanta shi ne mazurari mai zuƙar ƙura: fanka na jan iska daga bakinsa ta bi ta jakunkunan tacewa, ana kuma kaɗe jakunkunan da bugun iskar kwamfireso. Yawancin waɗanda suka lalace abu ɗaya ya kashe su, wato laima. Iskar Legas jiƙe take, ruwa na taruwa a tankin kwamfireso, ya bi bututu ya fesa kan garin kilinka, jakar ta daskare kamar an yi mata filasta. A riƙa zubar da ruwan tankin kullum, a duba agogon da ke nuna bambancin matsin iska a gaba da bayan jakunkunan. In ya hau sosai sun toshe, in ya faɗi kwatsam wata ta yage.

Batun ruwa yana buƙatar hattara, domin duk kayan nan uku da ka lissafa ba sa shiri da shi. Kilinka tana kamawa ta yi tauri. Alkama tana fumfuna ta ɗumama. Takin yuriya yana narkewa ya dunƙule, abin da ya wanke kuma ya gangara cikin ruwan tashar. Feshin ruwa na tsakuwa ne, da yashi, da kwal. Naku maganinsa rufi: sito, bel ɗin jigilar kaya mai murfi, tamfol. Tulin da dole ya zauna a waje a yi masa shingen raga ta ɓangaren da iska ke fitowa. Raga mai ƙofofi ta fi katanga, don katanga tana sa iska ta yi juyi a bayanta ta kwashi kayan.

Ƙurar alkama tana da wani haɗarin na daban: in ta taru a rufaffen wuri ta haɗu da tartsatsi, fashewa take yi. Kada a yi walda ko a sha taba kusa da ita, kada kuma a hure ta da iskar kwamfireso. Da injin zuƙa ake kwashe ta.

Yanzu fili. Ruwa a kan garin da ba a share ba taɓo yake zama, tayoyi su kwashe shi su baza, rana ta busar, ya tashi ya fi na da laushi. Shi ya sa kake ganinta kafin azahar. A fara sharewa da motar shara mai zuƙa, sannan a jiƙa kaɗan kaɗan akai-akai. A taƙaita gudu a cikin fili kada ya wuce kilomita 20 a awa, a wanke tayoyi a bakin ƙofa, kada tirela ta fita sai an bar tazara tsakanin kaya da bakin bodi an kuma ɗaure tamfol.

Hayaƙin dizal ya fi ƙurar da ido ke gani muni, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna kaiwa can ƙarshen huhu. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Tirelar da ke tsaye injinta na aiki tana ƙona kusan lita uku a awa a banza. Tsarin Eto da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta fara a 2021 an yi shi ne don mota ta zo a lokacin da aka kira ta. Kai ma ka yi naka a cikin fili: wanda layinsa bai zo ba ya kashe inji, amma a tanadar wa direbobi rumfa da ruwan sha, don zafi ne ke sa da yawa su zauna a mota. Jirgin kansa kuma, tun 1 ga Janairun 2020 dokar duniya ta rage salfar da ke cikin mansa daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin ɗari. In ka ga jirgi na ta fitar da baƙin hayaƙi a gaɓa, hukumar NIMASA mai kula da sufurin jiragen ruwa ake kai wa rahoto.

Takunkumi shi ne na ƙarshe, amma a ba kowa. Ƙyalle ko rawani ba ya tare ƙura mai laushi, sai takunkumi samfurin N95 ko FFP2, kuma sai ya manne da fuska. Gemu mai yawa yana hana shi mannewa, saboda haka masu gemu a nisanta su da bakin mazurari ko a sama musu hular da ke hura tatacciyar iska. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya je asibiti a duba ƙirjinsa.

Don ku san ko gyaran na aiki, ku sa ƙaramar na'urar auna ƙura guda biyu, ɗaya inda iska ke shigowa filin, ɗaya inda take fita. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ga ƙurar PM10, wato mai laushin da ke iya shiga ƙirji, shi ne maikirogiram 45 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin awa 24. Da hunturu ƙurar Sahara kaɗai za ta iya wuce wannan, don haka bambancin da ke tsakanin na'urorin biyu shi ne ƙurar aikinku, shi za ka rubuta kullum ka kai wa manaja.