Gujiya mai sukari tana manne min, mai yaji kuma yajin baya kamawa

Tambaya:

Salamu alaikum Tanti, ina wuni ya aiki. Dan Allah a taimaka min, ina zaune nan Yamai wajen Wadata, so nake in riƙa yiwa yara gujiya mai sukari da mai yaji a gida suna tafiya da ita lakwal maimakon kullum in basu dala 20 su saya bakin hanya. Sau 3 kenan ina gwadawa, mai sukarin sai ta manne ta zama dunƙule ɗaya ga ɗaci, in kin tauna cikin kuma ɗanye, mai yajin kuwa duk yajin sai ya zube ƙasan kwano. Kuma kwana biyu sai ta saki bata garas-garas. Mi nake yi ba daidai ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, lafiya lau. Toh wannan abin da kika faɗa wlh ba ke kaɗai ba, ni kaina ranar da na fara nan Tawa tukunyar uwar mijina na ƙona, kwana biyu tana jiƙe da ruwa kafin baƙin ya fita. Matsalarki kusan duk ta wuta ce da kuma lokacin da kike zuba kowane abu.

Bari mu fara da mai sukari tunda ita tafi bada wahala. Ki samu kofi ɗaya ki riƙa awo dashi, gujiya kofi 2, sukari kofi 1, ruwa rabin kofi, da ɗan gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka. Gujiyar ɗanya kuma kar ki murje mata jan ɓawon nan, shine yake riƙe sukarin, in kika cire shi sai sukarin ya riƙa sulɓewa. Ki haɗa su duka cikin kasko mai kaurin gindi, wuta matsakaiciya, in gaz ne kar ki buɗe shi har ƙarshe in gawayi ne ki bari ya zama garwashi tukun. Abin da yasa cikin taki ɗanye kenan, wuta tayi yawa ruwan ya ƙone da wuri gujiyar bata samu ta dahu ba, sukari kuma ya wuce gaba ya ƙone.

Yanzu ki saurara da kyau dan nan ne mutane ke ruɗewa. Zai tafasa yayi kumfa yayi kauri kamar zuma, kina juyawa da cokalin itace ba tsayawa, can sai kiga kwatsam komai ya bushe sukarin ya koma fari-fari kamar yashi ya lulluɓe gujiyar, kasko har yana ƙara in kina juyawa. Da yawa in sun ga haka sai suce ya ɓaci su ƙara ruwa ko su ƙara wuta, alhali daidai kenan, nan ake so a zo. Ki rage wuta sosai kici gaba da juyawa, yashin sukarin da ke ƙasa zai fara narkewa kaɗan kaɗan yana zama ruwan ƙasa-ƙasa yana kama jikin gujiyar. Sukari yana fara narkewa ya canza kala wajen digiri 160, kuma tsakanin nan da ƙonewa ba nisa, shi yasa ko waya ta yi ƙara a lokacin nan bana ɗauka. Da kinga ta fara sheƙi, rabi ya narke rabi da sauran burtsi-burtsi, sauke, ki juye kan babban faranti ki barbaza ta da cokali tun da zafi. Kar ki sa hannu, narkakken sukari yafi tafasasshen ruwa ƙuna kuma manne fata yake.

Wani abu, baki faɗa ba amma ina zargin kina matsa lemun tsami, dan wasu na cewa a sa. Tsami yana hana sukari komawa yashin nan, sai ya tsaya da danƙo, wannan na mai yin alawa ne ko kantun riɗi. In ƙamshi kike so ki sa garin citta ko kirfa ko ɗan kanumfari daidai lokacin da ya zama yashi.

Mai gishiri da yaji ita hanyarta daban. Ki jiƙa gujiyar cikin ruwan gishiri mai ɗumi kamar minti 10, ki tsane ki shanya ta sha iska sosai, sannan ki soya cikin yashi wankakke da kika tankaɗe kika bari yayi zafi. Yashin shi ke raba zafi ko'ina kar wani gefe ya ƙone. Ki riƙa ɗauko ɗaya kina murzawa, in ɓawon ya fita da sauƙi cikin ya fara ja kaɗan to ki kwashe a rariya, kar ki jira tayi yadda kike so dan bayan an sauke ma tana ci gaba da soyuwa da zafin jikinta.

Yaji baya kama busasshiyar gujiya haka kawai, sai da abin da zai riƙe shi, kuma ba a sa shi kan wuta mai ƙarfi dan barkono da tafarnuwa saurin ƙonewa garesu. Ni ƙaro nake amfani dashi, wannan dai da ake saidawa a kasuwar Katako ko wajen masu kayan yaji, ƙaramin cokali ɗaya na dakakke a narka da ruwan ɗumi kaɗan ya isa kofi 2. Ki murje ɓawon ki bakace, ki yayyafa ruwan ƙaron ki cakuɗa, ki barbaɗa yajin, ki maida kasko kan wuta ƙasa-ƙasa minti 2 ko 3 ya bushe. In babu ƙaro ɗan man gujiya yana yi, sai dai tana ɓata hannu da littafan yara. Yajin kuma ya daku lukui a tankaɗe har gishirin, mai tsaki-tsaki shi ke zubewa ƙasan kwano. Nawa haɗin barkono ne da citta da masoro da garin ƙuli-ƙuli, sai ɗan gabu, mu nan ƙasar albasar Galmi kinsan bama rabuwa dashi.

Batun sakin da take yi, ko dai kin rufe ta da sauran ɗumi gumi ya sauka ciki, ko leda kike sawa. Ki bari ta huce sarai ki zuba a busasshiyar kwalba mai marfi. Da hunturu ba ruwanki, amma da damina wajen Yuli da Agusta sukari na jan laima daga iska, lokacin kiyi kaɗan kaɗan na kwana 3 ko 4. Kusan rabin gujiya mai ne, in ta daɗe a wuri mai zafi zaki ji ta fara warin tsohon mai.

Sai kuma tsinta, dan Allah kar kiyi ƙyuya a nan tunda yara zasu ci. Duk wadda ta yamushe ko tayi baƙi ko hunhuna ko ƙwaro ya huda ki zubar, hunhunar gujiya tana da guba da ake kira aflatoksin mai illa ga hanta, kuma suya bata kashe ta. In kina da ƙaramin da bai kai shekara 4 ba kar ki bashi ƙwaya-ƙwaya tana iya sarƙe shi, ki daka mishi tasa.