Amsa: Gyaran tsohuwar bindigar da ake ɗurawa ta baki

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi bindigar da wani ya taɓa amfani da ita, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ta yi tsatsa, fentin icen ya ɓaɓɓare, kana tambayar ta inda za ka fara. Ajiye samfefa tukuna. Cikin bututun ne zai nuna ko bindigar ta cancanci wahalar.

Da farko ka ɗauka a ɗure take. Juya bakinta inda babu kowa, ka tabbata babu hular tartsatsi (ƴar hular da ke kunna albarushi) a kan nonon (ɗan ƙarfe mai rami da ke gindin bututu, inda ake ɗora hular), ka zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi mata alama daidai bakin bututu. Zaro ta ka gwada ta waje. Idan ba ta kai wajen nonon ba, ta rage kamar santimita 3 ko fiye, to akwai abu a ciki. Baƙin albarushi yana shekaru da dama bai mutu ba. Kada ka harba don ka fitar, domin ba ka san me mai ita na da ya zuba ba, kuma in albarushin zamani marar hayaƙi ne, zai iya fasa bututun. Cire nonon, ɗura ruwa ta ramin, ka bar shi ya jiƙa sosai, sannan ka ciro dalmar, wato harsashin, da ƙusa mai murɗi da ake ɗaurawa a kan sanda.

Nonon ya ƙi kwancewa? Ɗiga masa man sassauta tsatsa, ka ba shi kwana 2, ka kama shi da sifanarsa, ba filaya ba. In za ka sake sabo, duba zarensa, wato murɗin da yake shiga da shi: na Amurka galibi mai lamba 1/4-28 ne, na Turai kuma milimita 6, kuma ba sa shiga juna sai dai su cinye zaren. Toshiyar gindin bututun kuwa, bar ta inda take.

Wanki da ruwa ake yi. Fiye da rabin albarushin da ya ƙone yana zama toka, a cikinta akwai gishirin da ke jan danshi, shi ke cin ƙarfe. Ruwa na narkar da shi, amma man inji in ya haɗu da tokar sai ya zama kamar kwalta. Zare ƙarfen da ya riƙe bututu da ice, ɗaga bututun, tsoma gindinsa a bokitin ruwan ɗumi da ɗigon sabulu. Naɗa ƙyalle a kan sanda ka riƙa turawa kana ja, ruwan zai riƙa shiga yana fita kamar famfo. Canja ruwa har ya fito fes. Tafasasshe yana saurin bushewa, sai dai nan take yake barin jar tsatsa, ɗumi ya isa. Hattara da burushin tagulla: in ya kai ƙasa gashinsa ba ya son juyawa, sai ya maƙale. Murɗa sandar ta hannun dama kana ja a hankali. Busar da ƙyallaye, bi da sifirit, sannan mai kaɗan.

Yanzu haska ciki, ka tura ƙyalle mai matsi ka ji da hannunka. Ƙananan ramukan tsatsa ba sa hana harbi, wahalar wanki kawai suke ƙarawa. Amma in ƙyallen ya zo wani wuri ya saki kwatsam sannan ya sake kamawa, bututun ya kumbura, yawanci saboda an taɓa harbawa dalma ba ta zauna kan albarushi ba. Wannan sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya gani, in ba haka ba ta zama ta ado.

Tsatsar waje, soson ƙarfe mai lamba 0000 (mai laushi sosai) da mai sun wadatar. Binega tana cin tsatsa, amma tana tafiya da baƙin launin ƙarfen gaba ɗaya.

Sai ice. In bindigar tsohuwar tarihi ce, goge ta kawai, kankarewa na zubar mata da daraja. In ta zamani ce, cire tsohon fenti da maganin cire fenti. Inda ya loɓa, ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ka danna dutsen guga mai zafi, tururi zai tayar da shi, muddin icen bai yanke ba. Goga da samfefa mai lamba 180, sai 220, sai 320, kana bin tsawon icen, da katako a bayanta don kada gefuna su dushe. Bar tagullar gindin icen a jiki yayin gugar, kada ice ya koma ƙasa da ƙarfe. Shafa ruwa, ya bushe, ka sake bi da 320.

Dafaffen man linsid (man shafa wa katako, a haka ake sayar da shi) ake murza wa icen da tafin hannu, ɗigo kaɗan. Bayan minti 20 goge abin da bai shige ba, ka jira awa 24, ka maimaita sau 6 zuwa 8. Mai yawa lokaci ɗaya danƙo yake yi, ya ƙi bushewa. Tsummokaran da suka sha man nan suna iya kama wuta da kansu in an dunƙule su, don haka tsoma su a ruwa ko ka baza su a fili su bushe.