Yaran gari da na ƙauye: wa ya fi motsa jiki, kuma laifin wa ne?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Zariya cikin Maraɗi. Da hutu na kai yarana ƙauyenmu wajen Madarunfa, sai na ga ƴaƴan ƙanena sun fi su ƙarfi da juriya, nawa ko kaɗan suka yi gudu sai haki. Wurin zama ne ke kawo haka? Akwai abin da hukuma za ta iya yi?

Amsa: Hajiya, idonki bai yi miki ƙarya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi zufa da saurin numfashi. Binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni, kuma ƴan mata sun fi baya: kashi 85, maza 78.

Yaron ƙauye yana cika awarsa bai ma sani ba. Lakkwal a ƙafa, rijiya, kiwo, gona da damina, da dare kuma langa ko kokowa a dandali. Naki fa? Adaidaita ta kai shi, ta dawo da shi, ya shige gida ya rungumi waya. Kangon da yayyensa suka buga ƙwallo an yanka shi fuloti, titi kuma ƴan kabu-kabu sun cinye shi, wace uwa za ta saki ɗanta a can? Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40.

Amma kada ki yi wa ƙauye kallon kitse a rogo. Yarinyar da ke ɗaukar jarka mai lita 20 a ka tun da asuba, ba ta karya ba, aiki take yi, kuma wuya da baya ke biya. A jihar da tamowa ta daɗe tana damun yara, wanda bai ƙoshi ba abinci da hutu yake nema kafin a ce masa ya yi gudu. Shi ya sa tsari ɗaya ba zai yi wa garin Maraɗi da ƙauye aiki ba.

A gari, maganar fili ce. Duk rabon fulotin da ofishin magajin gari zai yi, a ware filin wasa, a shuka bedi, a hana sayar da shi daga baya. Darasin motsa jiki yana cikin tsarin karatu, sai dai sau da yawa ba a tuna shi sai jarrabawa ta gabato, kuma ƴan mata da sun fara girma sai su koma gefe su zauna. Malama mace da wuri mai sutura za su dawo da da yawansu. A ƙauye kuwa, famfo kusa da gida da abincin makaranta su ne za su ba yaro lokacin wasa da ƙarfin yin sa.

Ke kuma, in lakkwal ba ta da nisa, su riƙa tafiya a ƙafa da sanyin safiya tare da babba. Bayan la'asar a ajiye waya, a fita tsakar gida da igiya ko ƙwallo, mata da maza. In hakin ya zo da tari, ko kina jin fito a ƙirjin yaro, ki kai shi likita a duba asma da ƙarancin jini.