Sarƙar Lu'ulu'u a Cikin Gado: A Tsinke a Raba?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Hajiyarmu ta rasu ta bar sarƙar lu'ulu'u, irin na cikin kawa, da ta sayo a Jidda, maɗaurinta na zinare. Mai zinare a babbar kasuwar Katsina ya auna maɗaurin kawai, ya ce shi ba ya sayen ƙwayoyin. Yayanmu ya ce a tsinke a raba mana ƙwaya-ƙwaya. Ya halatta? Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Sauri.

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya. 'Yar'uwa, kada ku tsinke. Malamanmu na Malikiyya sun hana raba abin da rabon zai ɓata shi, har suka buga misali da yaƙutu. Sarƙar lu'ulu'u kuwa, babban ɓangaren darajarta yana cikin dacewar ƙwayoyin da juna a girma da launi, abin da maharhaɗi ke shan wahala kafin ya samu. Tsinke ta tozarta dukiya ne, kuma in akwai maraya cikinku, haƙƙinsa aka taɓa.

Mai zinare bai yi laifi ba, ma'auninsa na zinare ne. Lu'ulu'un teku, wanda ke fitowa cikin kawa, duba shi ake yi. Masana kan fara da sheƙi: mai kyau har fuskarki za ki hango a jikinsa. Sai girma, da milimita, sai zagaye, da rashin tabo, da kaurin ɓawon da ya lulluɓe shi. Asali ma na da tasiri sosai. Wanda ya samu da kansa, irin na Bahrain, ya yi ƙaranci ƙwarai. Bayan da wani mutumin Japan mai suna Mikimoto ya yi nasarar kiwonsa a 1893, sannu a hankali na kiwo ya mamaye kasuwa, kuma na ruwan daɗi daga Sin ya fi araha. Akwai kuma na gilashi da na roba. Ki goga ƙwaya ɗaya a haƙori a hankali: na gaske kan yi ɗan kaushi kamar yashi, na jabu santsi. Wannan gwajin gida ne, ba a yanke rabon gado da shi.

Ku nemi masani amintacce wanda ba shi ne mai saye ba, biyu sun fi. A yi wa maɗaurin kuɗi daban, ƙwayoyin daban. Wanda ke son sarƙar cikinku ya ɗauka da yardar saura, ya biya su kasonsu, kason zinaren hannu da hannu. In ba a daidaita ba, a sayar da ita ɗungurungum a raba kuɗin bisa Shari'a.

Wallahu a'alam.